GANSAKUKA DA ABINCINTA: YADDA TUSHEN KABON KE SARRAFA GIRMAN ƘANANAN TSIRRAN RUWA

Duk wanda ya taɓa barin ruwa cikin kasko ko kwatarniya a tsakar gida har kwana da kwanaki, ya san yadda ruwan kan juye ya zama kore. Abin da ke kawo wannan launi shi ne gansakuka. Mafi yawan jama'a sun ɗauke ta ƙazanta ce kawai, amma a ƙasashe da dama yau noma ta ake yi da gangan, a ciyar da kifi da kaji, a fitar da mai da launi da sinadaran gina jiki. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu abu guda wanda riba ko hasarar wannan noma ta rataya a kansa, watau irin abincin kabon da ake ba gansakuka, da yadda kowane iri ke canza saurin girmanta da abin da ke taruwa a jikinta.

1. Mece ce ƙaramar gansakuka?

Gansakukar da muke magana a kanta ba mai zare-zare ba ce wadda ake gani a bakin rafi. Wannan ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Wadda ta fi shahara cikin dangin ita ce Kulorela. Faɗinta bai wuce kashi 2 zuwa 10 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba. Sai miliyoyinta sun taru cikin cokali guda sa'an nan ruwa ya nuna kore.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ne ya fara ware Kulorela ya raine ta ita kaɗai a shekarar 1890. A 1919 Otto Warburg na Jamus ya yi amfani da ita wajen binciken yadda tsirrai ke sarrafa hasken rana. Daga baya Melvin Calvin da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka bi sawun kabon cikin jikinta mataki mataki, har suka gano hanyar da tsiro ke mai da iska ta zama sukari. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. A farkon shekarun 1960 kuma aka soma noman Kulorela don sayarwa a ƙasar Japan. Dalilin sha'awarta a fili yake: idan aka busar da ita, kimanin rabin nauyinta furotin ne, watau sinadarin gina jiki.

2. Me ya sa kabon ya fi kome muhimmanci?

Kabon shi ne sinadarin da muke gani baƙi ƙirin a gawayi. Shi ne ginshiƙin jikin kowane abu mai rai. Sukari, sitaci, mai, da furotin duk a kansa aka gina su. Idan aka busar da gansakuka aka auna, za a tarar kimanin rabin nauyinta kabon ne. Ke nan mai son ya girbe kilo 1 na busasshiyar gansakuka, tilas ya samo mata rabin kilo na kabon daga wani wuri.

Gaskiya ne tana bukatar naitirojin da fosfaras kamar yadda dawa da masara ke bukatar taki, amma waɗannan kaɗan ne idan aka gwada su da kabon. Manomi a gona ba ya damuwa da kabon, domin shukarsa na samun sa kyauta daga iska. Mai noman gansakuka kuwa ba haka ba ne, saboda shukarsa cikin ruwa take, kuma iskar kabon na ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa sarari.

3. Hanyoyi uku na cin abinci

Masana sun kasa hanyar rayuwar gansakuka kashi uku. Hanya ta farko ita ce ta haske: ta ɗauki iskar kabon, ko kabon da ke narke cikin ruwa, ta haɗa abincinta da ƙarfin rana kamar kowane tsiro. Hanya ta biyu ita ce ta duhu: a ba ta abincin da aka riga aka haɗa, kamar sukari, ta ci shi ba tare da haske ba, kamar yadda yisti ke yi cikin kwaɓin burodi. Hanya ta uku ita ce gamin gambiza: ga haske, ga kuma sukari, tana amfani da duka biyu a lokaci guda.

Ba kowace gansakuka ce ke iya bin hanyoyin nan uku ba. Da yawa daga cikinsu hanyar haske kaɗai suka sani. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai noma ya tabbatar game da irin da ke hannunsa.

4. Iskar kabon

Iskar kabon ita ce wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce kuma ke fita idan an ƙona itace ko man fetur. A cikin iskar sarari ba ta da yawa, kimanin kashi 4 ne cikin 10,000. Kabon kuwa kashi 27 ne cikin 100 na nauyinta. Da wannan lissafi, ana bukatar kimanin kilo 1.8 na iskar kabon kafin a sami kilo 1 na busasshiyar gansakuka. Tafkin da aka bari ya dogara ga abin da ke shiga daga sarari kawai, zai yi kore da farko, sa'an nan girman ya tsaya cik, ko da kuwa akwai rana da taki isassu.

Don haka masu noma kan hura iska cikin ruwan, bayan sun ƙara mata iskar kabon ta kai kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Wannan kan ƙara saurin girma ƙwarai da gaske. Amma idan aka wuce kima ruwa zai yi tsami, irin da ba shi da juriya ya daina hayayyafa. Hayaƙin masana'antu ma tushe ne babba, domin na tashar lantarki mai ƙona kwal yakan ƙunshi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na iskar kabon. Sai dai yana fitowa da zafi da toka da sinadarin farar wuta, saboda haka sai an huce shi an tace kafin a ba gansakuka.

Alfanun wannan hanya shi ne araha da tsabta, kuma gansakukar kan fito kore shar, cike da furotin. Naƙasunta kuwa shi ne inuwa. Da zarar ruwa ya yi kauri, na sama kan tare wa na ƙasa rana, hasken ba ya wuce 'yan santimita kaɗan. Shi ya sa ake gina tafkunan noma ba zurfi, santimita 20 zuwa 30, da wata fanka mai juya ruwan dare da rana. Duk da haka abin da akan samu a irin wannan tafki kimanin rabin giram ne a kowace lita. A cikin bututun gilashi ko na roba da ke rufe akan sami giram kaɗan a lita.

5. Kanwa da bekin soda

Domin a fahimci wannan sashe, sai a san ma'aunin tsami, wanda masana ke rubutawa pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar ruwan tsamiya. Abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa.

Kabon da ke narke cikin ruwa yana da kama uku, kuma ma'aunin nan ne ke nuna wadda za ta rinjaya. Ƙasa da 6.3 iskar kabon ce ta fi yawa. Tsakanin 6.3 da 10.3 sai ta koma baikabonet, watau sinadarin da ke cikin bekin soda na masu yin cincin da kek. Sama da 10.3 kuma sai ta zama kabonet, wanda gansakuka ba ta iya ɗauka kai tsaye. Yawancin korayen gansakuka suna da wani sinadari a jikinsu mai mai da baikabonet ya koma iskar kabon, sa'an nan su tara ta a inda ake haɗa sukari. Saboda haka bekin soda tamkar rumbu ne na kabon cikin ruwa. Yana narkewa sosai, ba ya tserewa sama kamar kumfar iska, kuma ba ya bukatar tukunyar gas ko injin hurawa.

Amma akwai abin lura. Yayin da gansakuka ke zuƙe kabon daga baikabonet, ruwan na ƙara hawa ɓangaren kanwa, har ya kai 10 ko fiye da tsakar rana. A nan girma kan ragu, ƙarfe da fosfaras su daskare su kwanta a ƙasa, kuma idan an sa takin da ke da amoniyam sai ya juye ya zama amoniya mai guba. Ban da haka, gishirin sodiyam na taruwa, wanda ke wahalar da gansakukar ruwan daɗi. Maganin abin shi ne a riƙa zubawa kaɗan kaɗan, ana auna ruwan.

A yankinmu akwai misali mai kyau na wannan al'amari. A ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa inda wata halitta mai suna Sifirulina ke yaɗuwa. Matan Kanembu sun daɗe suna tace ta, su shanya bisa rairayi, su sayar da ita da sunan dihe don yin miya. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort Lamy, watau Injamena ta yau, a 1964, labarinta ya bazu a duniya. A wurin masana Sifirulina ba ta cikin dangin korayen gansakuka, bakteriya ce mai sarrafa haske. Duk da haka darasin ɗaya ne: kanwa cakuda ce ta kabonet da baikabonet, ita ke ciyar da Sifirulina, kuma ƙarfinta ke korar sauran halittu masu gasa da ita. Ruwan da ake rainonta a ɗakin bincike yakan ƙunshi kusan giram 17 na bekin soda a lita, adadin da Kulorelar ruwan daɗi ba za ta ji daɗinsa ba. Abincin wani gubar wani.

6. Sukari

Cikin abincin duhu babu kamar gulukos, irin farin garin nan da ake ba 'yan wasa da marasa lafiya. Idan aka sa Kulorela cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya, aka ba ta gulukos da iskar shaƙa ana motsawa, matsalar inuwa ta kau, tun da ba a bukatar haske. A irin wannan tukunya akan sami giram 50 zuwa 100 a lita, ko ma fiye. Wannan ya ninka na buɗaɗɗen tafki sau 100 ko sama da haka, kuma girbi ya fi sauƙi saboda ruwan da za a tace kaɗan ne.

Asirin abin yana ga fatar ƙwayar. Sukari ba ya ratsa ta sai ta wata ƙofa ta musamman. A 1969 Widmar Tanner na Jamus ya nuna cewa Kulorela kan ƙera wannan ƙofa idan ta tarar da gulukos cikin ruwa. Irin da ba shi da ƙofar kuwa, ko an jiƙa shi cikin sukari zai mutu da yunwa a duhu. Dunaliyela, wadda ake nomawa a tafkunan gishiri na Ostareliya da Isra'ila saboda launinta na ruwan lemo, ba ta rayuwa sai da haske.

Sukari ba yawa kaɗai yake ƙarawa ba, yana canza kamanni da abin da ke ciki. A wani bincike da Miao da Wu na Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin suka buga a 2006, wani irin Kulorela da aka raina da gulukos ya tara mai har kashi 55 cikin 100 na nauyinsa, alhali wanda aka raina da haske bai kai kashi 15 ba. Launinsa ma ya tashi daga kore ya koma rawaya. Ƙa'idar ita ce: idan kabon ya yi yawa naitirojin ya yi kaɗan, ƙwayar ba ta iya gina furotin, sai ta adana rarar a matsayin mai ko sitaci, kamar ragon da aka turke.

Naƙasun wannan hanya biyu ne. Na farko tsada. Ana bukatar kimanin kilo 2 na gulukos don a sami kilo 1 na gansakuka, domin wani kaso na kabon yana komawa iska ta hanyar numfashinta. Na biyu kutse. Bakteriya da funfuna su ma suna son sukari, kuma wasu bakteriya kan ninka yawansu cikin minti 20, alhali gansakuka na bukatar sa'o'i da dama. Idan ba a dafa ruwan da tukunyar an kashe ƙwayoyin da ke ciki ba, baƙi za su cinye abincin mai gida. Lalle kada a zuba sukari a buɗaɗɗen tafki.

Sukarin shayi, wanda ake samu daga rake, ba daidai yake da gulukos ba. Ƙwayoyi biyu ne a haɗe, kuma iri da yawa ba sa amfana da shi sosai sai an raba shi. Haka sitacin rogo ko na masara, sai an narkar da shi ya koma gulukos tukuna.

7. Asitet da gilisirin

Asitet shi ne gishirin sinadarin da ke ba ruwan khal tsami. Wata gansakuka mai suna Kilamidomonas, wadda ɗakunan bincike ke yawan amfani da ita, ba ta iya ɗaukar gulukos, amma tana girma da asitet ko a duhu. Haka nan ana ba Hematokokus asitet don ta yi saurin yawa, kafin a tsananta mata rana a rage taki, ta juye ja wur. Wannan jan launi shi ake sa wa abincin kifin salmon da ake kiwo a Turai. Asitet ba ya jawo kutse kamar gulukos, amma idan ya yi yawa, musamman cikin ruwa mai tsami, yakan zama guba. Shi ma kaɗan kaɗan ake ba da shi.

Gilisirin kuwa sananne ne ga masu shafa shi a lokacin hunturu. Yana saura a wurin yin sabulu, da wurin mai da man girki ya zama man dizal, inda kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ke fita gilisirin ne. Yana da araha, sai dai korayen gansakuka da yawa ba sa girma da shi a duhu yadda suke yi da gulukos. Ya fi amfani idan an haɗa shi da haske. Ɗanyen gilisirin na masana'anta kuma yakan zo da sabulu da gishiri da barasar katako, waɗanda sai an rage su.

8. Gamin haske da sukari

A hanya ta uku ayyuka biyu ke taimakon juna. Cin sukari yana fitar da iskar kabon, aikin haske ya sake kama ta. Aikin haske yana fitar da iskar shaƙa, cin sukari ya yi amfani da ita. Da dare ma girma ba ya tsayawa. Sau da yawa wannan hanya kan fi kowace ɗaya daga cikin biyun saurin girma, kuma koren launi ba ya gushewa gaba ɗaya. Amma tana ɗauke da nauyin duka biyun: ana bukatar mazubi mai shigar da haske, ana kuma bukatar tsabtar da za ta hana bakteriya shiga.

9. Wanne ya fi?

Amsar tana ga abin da ake nema. Mai son koren ruwa don rainon 'ya'yan kifi, hanyar haske ta ishe shi, da ɗan taki da motsa ruwa. Mai son furotin da launi ya riƙe iskar kabon ko bekin soda. Mai son mai da yawa cikin ƙaramin wuri ya dubi gulukos, amma ya fara lissafi: idan kuɗin kilo 2 na sukari ya fi abin da kilo 1 na gansakuka zai kawo, to hasara ce tun kafin a fara. Wannan lissafi yana cikin abin da ya hana man gansakuka yin gogayya da man fetur. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta yi shekara 18 tana binciken man gansakuka, daga 1978 zuwa 1996, ta kuma rufe shirin a lokacin da ɗanyen mai ke da araha.

10. Abin da ya shafi ƙasarmu

Nijeriya tana da rana duk shekara. Tana da masana'antun siminti a Sakkwato, Ashaka, Obajana da Ewekoro, inda gasa farar ƙasa ke fitar da iskar kabon mai yawa. Tana da gonakin rake a Numan da Bacita, kuma babu ƙasar da ta kai ta noman rogo a duniya. Duk waɗannan tushen kabon ne. A ɗaya ɓangaren, masu kiwon tarwaɗa da karfasa sun san abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsu. Gansakuka ita ce abincin ƙananan halittun ruwa waɗanda 'ya'yan kifi ke ci a kwanakinsu na farko.

Sai dai wajibi ne a kiyaye abubuwa uku. Na ɗaya, ruwan da ake matsewa daga rogo yana da guba mai kashe kifi da dabbobi, ba a kai shi tafki sai an sarrafa shi. Na biyu, tafkin da ya cika kauri yana da haɗari, domin da dare gansakuka da bakteriya na zuƙe iskar shaƙa, da asuba a ga kifi sun taso sama suna haki. Idan mutum ya tsoma hannu bai kai gwiwar hannu ba tafinsa ya ɓace masa, to a dakatar da taki a ƙara sabon ruwa. Na uku, ba kowane koren ruwa ne ke da lafiya ba. Wasu dangin bakteriya masu kama da gansakuka suna fitar da dafi mai lalata hanta. Kada a ci abin da aka kwaso daga kududdufi, kada a shayar da dabbobi ruwan da ya yi kauri kamar fenti. Mai neman shawara ya tuntuɓi jami'in kiwon kifi na jiharsa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.

11. Gwaji don makarantu

Malami ya samo kwalabe 4 masu haske, kowace mai cin lita 1. A cika su da ruwan rijiya zuwa kafaɗa, a sa ɗan takin zamani daidai wa daida, sa'an nan a zuba cokali 5 na koren ruwa a kowace. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a sa mata giram 1 na bekin soda. Ta uku a sa giram 1 na gulukos. Ta huɗu ma a sa gulukos, amma a naɗe ta da baƙin ƙyalle. A toshe bakunan da auduga, a ajiye kusa da taga inda rana ba ta dukan su kai tsaye, a girgiza safe da yamma har kwana 10.

Ɗalibai su riƙa rubuta launi da wari kowace rana. Su gwada koren ta biyu da na ta farko. Idan kwalaben gulukos suka yi fari-fari suka soma wari, to bakteriya ne suka riga gansakuka, kuma wannan shi ne kutsen da aka bayyana a sashe na 6. Bayan an gama a zubar da ruwan a rami, a wanke hannu da sabulu.

A taƙaice, mai noman gansakuka ya tambayi kansa abu uku kafin ya kashe ko kwabo: wane iri ne a hannuna, wace ƙofa yake da ita ta ɗaukar kabon, kuma me nake so in girbe? Wanda ya amsa waɗannan daidai ya san abincin da zai saya da wanda zai bari. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman masu kiwon kifi da malaman makaranta.